Manhajar da Baba Ya Zaɓa

Ranar da mai gyara ya fara ganin Auta, tana tsaye ne a kan kwamfutar gidansu kamar mai jinya, ta yi tagumi. Zanen ginin da za ta miƙa a makaranta ya ƙi buɗuwa, allon kuwa sai amayo tallace-tallace yake yi.

"Likita, za ta rayu kuwa?"

"Bairos ne ya shige ta. Za ta rayu, in masu jinya sun daina yi mata kuka a ka."

Ta yi dariya, shi kuwa ya nemi abin da zai danna ya rasa.

Da zanen ya dawo, sai mahaifinta, tsohon shugaban makaranta, ya aike ta ta kawo wa baƙo ruwa. Ya jawo kujera, ya ce a zaɓa musu manhajar tsaro.

"Iri biyu gare ni, Baba. Ta farko tana tare bairos da shafukan damfara, kuma ba ta da nauyi, ita ta dace da tsohuwar na'ura. Ta biyu tana da ƙarin sashen sa ido: duk abin da aka rubuta, kwafinsa zai zo wayarka. Amma don ƙananan yara aka yi ta."

"Duk wanda ke ƙarƙashin rufina yaro ne. Sa ta biyun, kuma maganar ta tsaya nan."

Ya sa. Kafin kofin ruwa ya iso hannunsa, ya gama aiki. Ya sha, ya tattara kayansa ya tafi.

Saƙon Auta na farko gare shi tambaya ce a kan sabunta manhaja. Na goma babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan.

"Likitana, yau ciwon ba na na'ura ba ne. Kana duba mutane?"

"Mutum ɗaya nake dubawa, Autata, kuma ba ni da niyyar sallamarta."

Duk da haka bai sami natsuwa ba. A shago yakan kwance na'ura ya manta abin da ya kwance ta dominsa. Kullum sai ya ce mata, "Ta waya za ki riƙa rubuto min," bai taɓa faɗin dalili ba. Ya san Baba na son haɗa ta da ɗan amininsa, mai kantin magani. In ya tona, ya rasa uban. In ya ci gaba da shiru, wace irin soyayya ce ake ginawa a kan rami?

Wata rana da hantsi wayarta ta faɗa bahon wanki. Da azahar saƙo ya shigo masa, daga kwamfutar gida.

"Likitana, wayata ta sha ruwa. An ce mai kantin magani zai zo gobe. Ni dai kai nake so, amma bakina ba ya buɗuwa a gaban Baba. Me zan yi?"

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya san a daidai wannan lokaci wata wayar ta yi ƙara a aljihun wani dattijo. Bakin alƙalami ya bushe. Ya rubuta:

"Auta, abin da kika rubuta ba ni kaɗai na karanta ba. Manhajar da na sa tana aika wa Baba komai. Da hannuna na sa, na ɓoye miki, na zalunce ki. Baba, ina gaisuwa. Na karya alkawarin da na yi maka, domin tun farko bai kamata in ɗauka ba. Ina son 'yarka da aure."

Amsarta gajera ce: "Ashe kai ne bairos ɗin."

Baba da kansa ya zo shagon, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Wanda bai riƙe sirrin na'ura ba, shi zan ba 'ya? Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidana."

Kwanaki suka yi ta ja. Mai gyara ya rame. Kowace ƙarar waya sai ya yi wuf ya duba, ya tarar mai kawo gyara ne.

Abin da bai sani ba, Auta ba ta guji kwamfutar ba. Kullum takan buɗe farin shafi ta rubuta, ba don ta aika wa kowa ba. "Baba, tunda nan ne kake saurarena, ga ni." Ta faɗi yadda take tsoron takunsa a bakin ƙofa. Ta faɗi yadda take ƙaunarsa duk da haka. Ta ce Likita ya ɓata mata rai ƙwarai, amma a cikin mutum biyun da suka ɓoye mata, shi ne ya ce ya yi kuskure.

Wata safiya aka kira mai gyara. Ya tarar da Baba zaune gaban kwamfutar, tabarau a hannu, idanunsa sun kaɗa.

"Shekara da shekaru ina gadin 'ya'yan mutane," in ji dattijon, "tawa sai ta na'ura na ji muryarta. Cire wannan abu. Sa ta farkon, wadda ka ce ta dace."

Yana cikin cirewa Auta ta shigo da kofin ruwa, fuska a ɗaure.

"Wannan karon a gabana za a yi. Karanta min duk abin da za ka danna."

Ya karanta, layi bayan layi. Da ya gama ta miƙa masa kofin.

"Na yafe rabi. Sauran sai na ga hali."

"Ragowar rabin ku ƙarasa a gidanku," Baba ya ce yana goge tabarau. "Je ka turo manyanka."

Bayan ɗaurin aure, tsohuwar kwamfutar na cikin kayan da aka kai ɗakin amarya. Baba ya dafa kafaɗar angon.

"Na ba ka ita. Ka tsare ta, amma kada ka leƙa ta. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa gidanku ya zama inda ake faɗin magana ido da ido."

"Amin, Baba," ango da amarya suka amsa tare.