Zarena a Hannun Kalin

"Kalin! Wace ce wannan take riƙe da hannunka?"

Na cusa masa kyamarar a fuska.

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ne, wurin wasan bakin teku bai buɗe ba tukuna. Dawakan katako na lulluɓe da tamfol, masu shara kaɗai ke kai da kawo. Ni ba hoto ya kawo ni ba. Banitsa mai zafi, gurasar nan mai cuku a ciki, na kawo wa Kalin, wanda zan aura, mai kula da babban lilon nan mai juyawa, don na san ba ya karyawa kafin ya fito. Kyamara kuwa kullum tana wuyana.

Ina shiga ƙofa wani mai shara ya ƙwala ihu, "Shamuwa! Ga shamuwa!"

Ta farko a bana! Ta ratso ta saman lilon, rana na ɓullowa a bayanta. Ko saiti ban yi ba na hau dannawa. Da na duba sai da na yi tsalle, shekara huɗu ina ɗaukar hoto ban taɓa dace irin wannan ba.

Sai idona ya sauka a ƙasan hoton...

Mirela mai sayar da tikiti. Mirelar da mahaifiyar Kalin ke kira "ɗiyata" a gabana, ni kuwa ko sunana ba ta iya riƙewa. Ta kama wuyan hannunsa, daidai inda na ɗaura masa zaren nan ja da fari ranar ɗaya ga Maris. Na san a al'adarmu kowa yana ba kowa zare a ranar. Amma nawa ba na kasuwa ba ne, da hannuna na murza shi, kuma da bakinsa ya ce ba zai sa na kowa ba sai nawa.

Kishi ya rufe min ido, ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Nevena, tsaya ki ji..."

"In ji me? Ko ɗaga kai ka kalle ni ka kasa!"

Kansa na ƙasa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Mirela ta leƙo daga ɗakin tikiti tana gyara gashi.

"A'a, da sassafe haka? Inna Ginka ce ta aiko ni da sabon zare. Ta ce wancan ya yi dauɗa, abin kunya ne a ga ɗanta da shi."

"Da ke nake magana?"

"Oho. Ni dai 'yar aike ce."

Na fara murza zoben alkawarinmu, hawaye na zuba. Na gaji da faɗa da uwa da 'yar aikenta. Zoben ya kai gaɓar yatsa zai fita, Kalin ya riƙe hannuna.

"Rabin raina, sau nawa kika danna? Na san ki, ba kya danna sau ɗaya."

Na fizge hannuna, amma na duba.

A hoto na biyu ya janye hannunsa, zaren Mirela yana yashe a ƙasa.

A na uku kowa ya ɗaga kai sama, masu shara har sun fara kwance zarensu. Kalin kaɗai ya rufe idanunsa da tafin hannu.

"Wannan kuma fa?" na tambaya, muryata ta yi sanyi.

"Wanda ya ga shamuwa dole ya cire zarensa ya ɗaura a bishiya mai fure. To ni ban gan ta ba."

"Kalin... tana nan zaune a saman lilonka."

"Shi ya sa na kasa ɗaga kai."

"Ai ka gan ta a hoto, wawa!"

"Ta hoto ba ta cikin lissafi."

Ya naɗe hannun rigarsa. Ga zarena nan, ya koɗe, ya yi baƙi da man inji. Dariya da kuka suka haɗe min, na tura zoben ya koma mazauninsa.

"To ni na gan ta," na ce. "Dole in cire naka."

Na kwance wanda ya ba ni. Bishiyar da ta yi fure tana nan taku biyar daga inda muke, amma ko kallonta ban yi ba. A hannunsa na ɗaura, kusa da nawa, ƙulli uku, na ja da haƙori.

Sannan na juya ga tagar tikiti.

"'Yar aike! Ki gaya wa Inna wuri ya cika."