Kwana Tara Ina Nuna Sunan Wata

"Goggo... wa ya ba ki wannan takardar?"

Auta ce a ƙofar shagona, ko jaka ba ta sauke ba. Kwananta tara ba ta gari, ta je ƙarasa jarrabawa. Idonta na kan takardar tallar wasan kwaikwayonta da na manna a bango, saman keken ɗinkina.

"Dogo ya ba ni. Ga sunanki nan ƙato." Na ɗora yatsa inda na saba ɗorawa.

Ta matso. Ta ƙura wa wurin ido.

"Wannan ba sunana ba ne."

"Na wa ne?"

"Na Gimbiya."

"Duba dai da kyau."

"Goggo, sunana ne zan kasa ganewa?"

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba sai ranar. Kwana tara duk wadda ta shigo awo sai na ja ta gaban bangon nan na ce ga sunan 'yata, ita ta rubuta wasan. Masu karatun cikinsu suka yi ta murmushi. Ba wadda ta ce min uffan.

Auta 'yar ƙanena ce, a hannuna ta tashi tun rasuwar uwarta. Wasan nan a shagona aka haife shi. Wata bakwai tana zama kan buhun ƙyallaye tana karanta min shafi-shafi ina taka keke. Idan ƙafata ta tsaya, ta san maganar ba ta zauna ba, sai ta soke ta sake. Labarin kuwa nawa ne: mata da mijinta ya tafi shekara goma sha biyu, ya bar wa unguwa cewa ita ta kore shi, rannan ya dawo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Auta na da ɗabi'a guda. Ba ta rubuta fitowar ƙarshe sai ta ga 'yan wasa sun shiga jikin labarin. Kafin nan ƙarshen yana bakinta da kunnena kawai.

Dogo shi ne daraktansu. Shekara biyu yana zuwa shagona da sunan kawo awon 'yan wasa, awon da ba ya ƙarewa. Gimbiya kuwa 'yar mai ɗakin taron ce, ita ke fitowa a matar. Kowa ya san ba wasan kaɗai take so ba, har da daraktan.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Dogo, ya ji Auta ta dawo. Yana ganin takardar a hannunta ya tsaya turus.

"Marubuciyata..."

"Kar ka ƙara kirana haka."

"Ki bari in yi bayani, zuciyata."

"Ina ji."

Na kashe rediyo, na gyara zama. Ba inda zan je, shagona ne.

"Na je wurin Baba neman izini," in ji shi. "Ya ce zai ba ni ke da sharaɗi ɗaya. Kada ya ga sunan 'yarsa a bangon titi kamar tallar sabulu."

"Sai ka ce to."

"Na ce to. Na yi tunanin bayan biki sai mu gyara. Na ce wa mai buga takarda ya bar wurin babu komai. Gimbiya ce ta bi bayana ta ce wurin ya yi fili, ta ba da nata. Kafin in sani an buga, an manna."

"Da ka sani fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da ka sani, me ka yi?"

"Na ji tsoron rasa ki."

Auta ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ka ji tsoron rasa ni, sai ka goge ni. Wata bakwai, Dogo. Kai ne ka ce min ranar da sunana ya hau bango za ka tsaya ƙarƙashinsa a ɗauke ka hoto."

"Ina sonki, wallahi..."

"Wacce? Wadda ta rubuta, ko wadda Baba zai ba ka?"

Ta ciro alƙalamin da ya ba ta kyauta farkon haɗuwarsu, ta ajiye kan teburin yanka, ta shige ciki.

Ya juyo gare ni. "Goggo, ki taimaka..."

"Ni na tambaye ka ina sunan 'yata, ka ɗaga yatsan nan naka mai kama da sandar labule ka nuna min na wata. Ka kalli tsohuwa ka ce ai ba ta iya karatu ba."

"Kunya ce ta kama ni."

"Ni kuma ka ba ni tawa ta kwana tara. Ɗauki alƙalaminka. Kuma ka sani, riguna goma sha huɗu na wasanku suna rataye a nan, ko maɓalli ɗaya ba zai fita ba."

Washegari na rufe shago na nufi rumfar ƙanena. Mai gyaran agogo ne, ya kwashe shekara talatin yana leƙen cikin agogo da ido ɗaya, shi ya sa komai rabi yake gani.

"Yaya, lafiya da hantsi haka?"

"Cire gilashin nan ka dube ni. Kai ka ce a cire sunan Auta?"

"Yaya, mutunci nake kare mata. Mutane za su ce..."

"Me ke rubuce saman rumfar nan?"

Ya ɗaga kai. "Sunana."

"Mutuncinka ya zube?"

"Ai wannan sana'a ce."

"Tata kuma fa, cuta ce? Ka gyara agogo wani ya zo ya ce shi ya gyara, ka yarda? Ni na goya ka, ni na share maka majina, ban taɓa sanin na raini mutumin da zai ba wa ɓarauniya aikin 'yarsa ba."

"Wace ɓarauniya kuma?"

Ashe bai sani ba. Da na faɗa masa sunan wata ke wurin, sai na ga kunnensa ya motsa, kamar yadda yake yi tun yana yaro idan an taɓa masa kaya.

"Ni cewa na yi a cire. Ban ce a ba wata ba."

"Wurin da ka bari babu kowa, wani ke zama. Sauran kwana biyar a yi wasan. Ka zo ko kar ka zo, sunan zai hau."

Bai ce e ba. Bai kuma ce a'a ba, ni kuwa na san ƙanena.

Daga nan ɗakin taron na wuce, Auta na biye da ni ba don tana so ba. Mun tarar suna gwaji. Gimbiya na kan dandamali da takarda a hannu, wai ta rubuta fitowar ƙarshe da kanta. Dattijon da ke fitowa a mijin ya ƙwanƙwasa ƙofar katako. Ita kuwa ta ruga da gudu, ta zube a ƙafarsa tana kuka.

"Maigidana, hasken idona, na yafe maka tun kafin ka dawo!"

Ban san lokacin da na buga ƙafa a ƙasa ba.

"Tsaya. Wace mata ce wannan?"

Gimbiya ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Mama, gwaji muke. Masu ɗinki ta baya suke shiga."

"Ni ta gaba na shigo. Ke kika rubuta wasan nan?"

"Yana jikin takarda ai... au, na manta." Ta yi murmushi.

"Ba komai, 'yata. Tunda ke kika rubuta, faɗa min, me ya sa matar ke ajiye kujera ɗaya a waje tun farkon wasan, ba ta taɓa shigar da ita ba?"

Ta kalli kujerar. Tana nan gefen ƙofar, kullum suna gwaji da ita.

"Ado ne."

"Ado." Na juya ga sauran. "Kun ji, ado ne."

Dattijon ya ce, "Ni ma na daɗe ina tambayar kujerar nan."

"Kujerarka ce. Matar nan ni ce, ba gudun da na yi. Na buɗe ƙofa na ce masa ga wurin zamanka, shekara goma sha biyu yana jiranka. Gida-gida ka bi ka ce ni na kore ka. Gida-gida za ka koma ka faɗi gaskiya. Ranar da ka gama, ka shigo da kujerarka da hannunka."

Auta ta ɗora daga inda na tsaya, ba takarda ba komai, ta faɗi maganar mijin, ta faɗi ta maƙwabciya, har zuwa inda labule ke sauka. Dattijon ya share ido da hularsa.

Gimbiya ta ce, "Ɗakin nan dai na babana ne."

Sai a lokacin Dogo ya tashi daga kujerar gaba. Na ɗauka ƙafafun nan nasa na ado ne su ma.

"Na babanki ne," ya ce. "Wasan na Auta ne. Ni na yi shiru aka ɗauka, laifin nawa ne, kuma a gaban kowa nake faɗa. In ba za a yi shi da sunanta a nan ba, za mu yi shi a filin ƙwallo."

"Da wa?"

"Da mu," in ji dattijon. Sauran suka matso bayansa ɗaya-ɗaya.

Gimbiya ta tsaya tana cizon leɓe. Zan faɗi gaskiya ko a kan wadda na tsana, yarinyar ta iya wasa, kuma ta san ƙarshen da ta ji yanzu ya fi nata. Ta jefar da takardarta.

"A ba ni sabon shafin in haddace."

A bakin ƙofa Dogo ya tare Auta.

"Kin yafe min?"

"Takardu nawa aka manna?"

"Arba'in da uku."

"To. Ka ji ƙarshen wasan ai."

Kafin gari ya waye na sa Auta ta zana min sunanta da allin tela a kan farin ƙyalle. Na bi zanen da baƙin zare, sau uku ina warwarewa ina sakewa, har yatsuna suka san kowace lanƙwasa. Ba za a sake nuna min sunan wata ba.

Kwana biyu Dogo yana yawo da bokitin gam da sababbin takardu. Ni ina biye da ƙyallena. Ya manna, in ɗaga ƙyallen in gwada, sannan mu wuce. A tashar mota, a bangon asibiti, a ƙofar makarantar 'yan mata. Duk inda mutane suka tsaya kallo sai na ce masa faɗa musu.

"Kuskure aka yi, wannan ce ta rubuta," sai ya ce.

"Wa ya yi kuskuren?"

"Ni ne, Goggo."

Ta arba'in da uku ita ce ta shagona. Ya shigo rigarsa duk gam, rana ta ƙona masa wuya. Auta na kan buhun ƙyallaye, ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ya manna, ya shafe gefe da gefe, ya tsaya ƙarƙashinta.

"Na yi alkawarin hoto."

"Wa zai ɗauki hoton mutum a haka? Kamar wanda ya faɗa kwata."

"Ke."

Ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta ɗaga waya ta ɗauka.

"Ina alƙalamina?"

Ya ciro shi daga aljihu.

"Marubuciyata..."

"Na'am." A hankali ta faɗa, amma na ji. "Ka ƙara goge ni, Dogo, a wasa na gaba kai ne za ka mutu tun fitowar farko."

"Na yarda, zuciyata."

Na tayar da keke don kar su ce ina saurare.

Ranar wasan da la'asar ɗakin ya cika. Can baya na hango ƙanena, ya sa rigar da ba ya sawa sai da dalili. Da mijin ya ɗauki kujerarsa ya shiga gida, mutane suka miƙe suna tafi, aka kira Auta da cikakken sunanta, har da na ubanta. Na waiwaya. Mai gyaran agogo na dungurin na kusa da shi.

"'Yata ce. Sunana ne na ƙarshen nan."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ni na ɗinka kayan amarya, Gimbiya ma ta zo, ta fi kowa rawa.

Saura ni. Har yau yarinyar nan ba ta tako shagona ta ba ni haƙuri a kan "masu ɗinki ta baya suke shiga" ba. Matan da suka yi murmushi su bakwai ne, na san su da awonsu. Biyu sun zo sun roƙe ni gafara. Sauran biyar su sani na ajiye kujera a ƙofar shago, kuma ba ado ba ce.

Tun kafin ɗaurin auren, da aka kawo katin bikin daga wurin mai bugawa, Dogo ya miƙo min da hannu biyu zai nuna min wurin.

"Sauke yatsanka," na ce.

Na ɗora nawa, na bi lanƙwasa bayan lanƙwasa har ƙarshe. Sannan na karanta masa sunan matarsa.