Jinin Zabbi a Hanyar Bana

Kabo, malamin dabbobi na Gaya, ya baro ƙauyen Bana da almuru ransa a ɓace. Yini ya yi yana sa a ƙone kajin mutane saboda murar tsuntsaye, mata na ta tsine masa. A bayan babur ya ɗaure akwatin ƙanƙara mai jinin matattun zabbi, za a kai labo, ɗakin gwaje-gwaje, a gwada magani.

Wajen gonakin shinkafa, wata tsohuwa mai zane ɗige-ɗige ta tsaya a tsakiyar hanya. Ya taka burki har ya kusa faɗuwa.

"Haba Inna! So kike ki kashe ni?"

"Kai ne mai maganar kisa?" Muryarta a shaƙe take, kamar majina ta toshe mata maƙogwaro. "Ba ni jinin 'ya'yana."

Kabo ya daka mata tsawa. "Ni ma kajina sun ƙare! Likitoci za su raini cutar a kwalba, su ga maganin da zai kashe ta. In ba a gwada ba, gobe yaranmu za ta kama. Kauce!"

Ba ta kauce ba. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ya ji ana ƙwanƙwasa murfin akwatin daga ciki.

Tsohuwar ta karkata kai, ta dube shi da ido ɗaya. Hasken fitilar babur ya sauka kan ƙafafunta. Yatsu uku ne, dogaye, masu ɓawo, suna tonon ƙasa a hankali.