Cikin Wata Uku

"Ciki gare ki ko babu?"

Auta ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Tana durƙushe ne a falon mahaifiyar Tela, saurayin da saura sati shida ya aure ta.

"Umma... ni?"

"Ke fa! Ga wadda ta ji da kunnenta."

'Yar ƙanwar Umma, wadda ta daɗe da ɗora ido a kan Tela, ta gyara zama. "Wallahi a asibiti na ji likita yana ce mata, cikin nan ya kai wata uku, ki kula da abin da kike ci. Ga amai, ga rama. Me ya rage?"

Likita kam ya faɗa. Bara aka gano wa Auta ciwon daji a ciki, aka yi ta gasa wurin da na'ura har cutar ta mutu. Wannan kowa ya sani. Abin da ta ɓoye shi ne gashin ya ƙona mata hanji. Wata uku ke nan tana fama da murɗa da gudawa, sau takwas a yini, wataran har da jini. To wace budurwa ce za ta dubi masoyinta ta furta wannan kalma? Sai ta koma guje masa, in ya zo hira ko minti goma ba ta yi.

Tela yana bakin ƙofa, ko tef ɗin awo bai cire daga wuya ba.

"Umma, sau uku ina rage ƙugun rigar bikinta. Wane irin ciki ne ke tsuke mutum?"

"Rufe min baki! Ita na tambaya."

Ya juyo, idonsa jajir. "Rabin raina, ko mene ne ki faɗa. Guduna da kike yi ne ke kashe ni."

Daidai nan cikin ya murɗa, murɗar da ba ta jiran kowa. Zufa ta karyo mata.

"Gudawa ce, Umma!" Ta fashe da kuka. "Gashin ne ya ƙona min hanji... don Allah ina banɗaki?"



Umma da kanta ta miƙe, ta kama hannunta har banɗakin ɗakinta, ta tsaya a ƙofa tana "Sannu, 'yata... sannu."

Ko da Auta ta fito, 'yar ƙanwar ta sulale. Umma ta ɗauko biro da takarda.

"Me likitan ya hana ki ci?"

"Madara, yaji, maiƙo..."

"Ana warkewa?"

"Ya ce da magani zai lafa a hankali."

Tela na dariya, hawaye na zuba. "Wata uku ina cewa wani ne ya ƙwace min ke, ashe da hanji nake takara!"

"Kai tafi can," in ji Umma. "Biki ba ɗagawa. Kuma ɗakin nan mai banɗaki a ciki, shi za ka gyara wa 'yata."