Ranar Da Dalhatu Ya Nome Shukar Inna

Mutum biyu ne suka rage a gidan Malam Isyaku da ke Gyaɗi-Gyaɗi: shi kansa, tsohon nas da ya yi ritaya, da autarsa Basira mai karatun lauya. Uwar gidan, Inna Delu, shekara biyu ke nan da rasuwarta. Ta bar ɗan fili a ƙofar zaure inda ta shuka ɗoɗɗoya da tazargade da na'a-na'a. Kullum Malam yana ba su ruwa, amma ba ya barin kowa ya taɓa wurin, har ciyawa ta cakuɗe da shukar.

Dalhatu mai neman auren Basira direban adaidaita sahu ne, daga wani ƙauye a wajen Gaya. A garinsu saurayi ba ya turo magabata sai ya yi wa surukinsa noma. To, Malam ba shi da gona, abin kuwa ya tsaya wa Dalhatu a rai.

Saura kwana huɗu magabatansa su zo, Basira tana tsakar gida da hantsi tana haddar darasin jarrabawa.

"Ginshiƙan laifi biyu ne... aikatawa da niyya. In babu niyya..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Muryar Baba ce. Ta zari mayafi ta fito da gudu.

Filin Inna ya zama fes, an ja masa kunyoyi uku a miƙe. Ga Dalhatu tsaye da fartanya, gumi sharkaf, yana murmushi.

"Baba, sannu da dawowa! Na ga ciyawa ta ci wurin, na ce bari in..."

"Ciyawa?"

"E, Baba. In an samu iri ma sai in zuba muku kuɓewa."

Malam ya daɗe yana kallon ƙasar. Sannan ya ce, "Ka faɗa wa mutanenka kada su wahalar da kansu ranar Asabar." Ya shige gida.

Basira ta dafe kai. "Dalhatu! Wa ya aike ka?"

"Haba Barista, farin cikin raina, me na yi kuma?"

"Shukar Inna ce ka nome! Ɗoɗɗoyarta!"

"Ɗoɗɗoya? Ai mu a garinmu a bakin juji take fitowa, ko akuya ba ta..."

"Don Allah yi shiru! Kana ƙara magana kana ƙara nutsar da kanka."

"Wallahi ban sani ba..."

"Da ka tambaya! Bakinka ciwo yake yi?"

Ta bar shi nan ta koma ciki tana huci. Amma kafin ta kai ɗakin Baba, sai kanta ya fara aiki. Ai wannan darasin ne da take ta bita tun asuba!

Ta yi sallama, ta durƙusa.

"Baba, ka ba ni minti biyar."

"Ina jin ki."

"Laifin ɓarna ba ya tabbata sai mutum ya yi niyyar jawo wa wani asara, ko ya san abin da yake yi zai jawo ta. Dalhatu ya aikata, wannan ba musu. Amma niyyar fa?"

Ta ci gaba.

"Shiga wurin mutum ba izini ma, sai in da nufin tsoratarwa ko cin fuska. Sannan yana da kariya, Baba. Kuskure ne da kyakkyawar zuciya. Ya ɗauka ciyawa ce. Duk alƙalin da..."

"Basira."

"Na'am, Baba."

"Na kai shi ƙara ne?"

"A'a, amma..."

"Kin gan ni da rigar alƙali? Kuɗin makarantar da nake biya, don ki zo ki yi mini jarrabawa a ɗakina ne?"

"Baba, ai adalci..."

"Kin yi nasara, Barista. An wanke shi. To, je ki ce wa littafin naki ya dawo mini da shukar."

Ya juya mata baya. A hankali, kamar ba da ita yake ba, ya ce, "Duk ranar da na dawo daga aikin kwana, uwarki sai ta tsinko na'a-na'ar nan ta jefa mini a shayi. Shekara talatin da ɗaya."

Basira ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata. Ta tashi ta fita.

A waje ta tarar Dalhatu bai tafi ba. Ya tsuguna gaban tarin da ya nome, yana tsinta ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuma za ka ɓata?"

"Barista, ki bar ni da abin da na sani. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, saiwar nan da ranta. Wadda ta tsinke kuma a sa ta a ruwa, za ta yi sabuwa. Sai dai ban san wacce ce ta Inna ba, wacce ce ciyawa."

"Ni ma... ban gama sani ba."

"Ke da kike gidan?"

"Kar ka fara, Dalhatu!"

Suna cikin haka inuwa ta faɗo a kansu. Malam ne riƙe da buta. Ya kalli abin da ke hannun Dalhatu, ya yi tsaki.

"Wannan ciyawa ce, sarkin noma. Murza waccan ka shinshina."

Dalhatu ya murza ganyen, ya shinshina. "Tana ƙamshi, Baba."

"Ita ce. Ta nan gefen take, kusa da bango. Kada ka zurfafa ramin."

"Baba, ka yafe mini. Na ɓata maka abin da ba ni da irinsa."

Malam ya tsiyaya ruwa a gindin shukar.

"Kullum da safe za ka zo ka ba ta ruwa, har ta kama. Fartanyar nan kuwa kada in sake ganinta a unguwar nan."

"To, Baba... Asabar ɗin fa?"

"Kai Dalhatu!" in ji Basira.

"Su zo," in ji Malam. "Ai gara in gan su, in tambaye su wa ya koya maka noma."

Basira ta koma ta ɗauki littafinta. A ranar ta gane cewa kotu tana tambayar me mutum ya nufa, amma wanda aka ɓata wa rai yana jira ne a tambaye shi me ya rasa.