Furen da Ke da Suna Biyu

Ranar da Kanta ya fara ganin Fumino, tana durƙushe a lambun gidansu tana tsinke kawunan furannin da suka bushe. Shi kuwa karanta mitar ruwa ya kawo shi, sabon zuwa ƙauyenmu daga Tokyo, ko shuka da ciyawa ba ya bambancewa. Bawan Allah, sau uku ya karanta mita ɗaya.

"Lambar fa ba za ta canja ba," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙamshin nan ne ya riƙe ni."

"Na furen?"

"To... shi ma."

Dogayen furanni ne masu ruwan hoda, marigayiya mahaifiyarta ta shuka su. Sanyi ya kashe su, bazara su sake tasowa daga saiwa. A gidan, kusakyochikuto suke kiransu.

Kafin wata biyu saƙonni sun yi yawa.

"Furena, yau kin sha ruwa?"

"Mai Mita, a gindi ake ba shi ruwa. In ka jiƙa ganyen, farar cuta ta kama shi. Ni dai farin irinsa nake nema ban samu ba."

Matsalar ɗaya ce: Baba Noboru, mahaifinta, ya riga ya zaɓa mata Daigo, ɗan mai gonar tuffa, wanda kullum yake zuwa da kwando a hannu.

Ranar zuwa neman izinin aure, Kanta ya zaga shaguna huɗu har ya samo farin furen a tukunya. Ya durƙusa ya miƙa wa Baba tukunyar da hannu biyu. Baba ya karanta takardar da ke jiki, fuskarsa ta haɗe.

"Oiranso! Furen matan banza na zamanin da! Shi ka ga ya dace da 'yata? Fita!"

Kai, abin tausayi. Kanta ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Fumino ta yi kuka har idonta ya kumbura, don ita ma ba ta taɓa jin sunan ba.

"Haka ka ɗauke ni?" ta rubuta masa.

"Wallahi ƙamshinki kawai na bi. Ban karanta ba, ni da karatu ne aikina."

Washegari Kaka Setsu, mahaifiyar Baba, ta tsinci tukunyar a bakin ƙofa. Ta shinshina, sai dariya har da riƙe ciki. Ta tarar da ɗanta yana ba furannin matarsa ruwa.

"Noboru, me kake shayarwa?"

"Kin sani ai, Mama."

"Faɗi ɗayan sunan."

Baba ya ci gaba da zuba ruwa.

"Fumino, zo ki ji! Fure ɗaya ne, ƙamshinsa na hoda ya jawo masa wancan suna. Ubankin nan ma wannan furen ya kai wa uwarki, mahaifinta ya biyo shi da tsintsiya har bakin gada. Tun ranar ubanki ya hana a ambaci sunan a gidan nan."

"Mama, don Allah!"

"Tsintsiyar ta hana ka aure ta?"

Baba ya daɗe yana kallon furannin. Ba sunan ne ya dame shi ba, tsoro yake ji a raba shi da abin da matarsa ta bari. Ya goge ido da hannun riga.

"Ki ce wa mai mitar nan ya dawo. Ya zo da shebur."

A lokacin kaka, sa'ad da ake raba saiwa, aka ɗaura auren. Daigo ma ya zo, da kwandonsa. Baba da kansa ya nuna wa ango inda zai sa shebur, suka tsaga tushen furen gida biyu.

"Rabi naku, rabi nawa. Ku ba shi sarari ya sha iska. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku riƙa tasowa duk shekara."

Ramin da ya rage kuwa, Baba ya dasa farin a ciki, kusa da na matarsa.