Yatsun Da Na'ura Ta Ƙi Gani

Ranar da Maihoto ya fara ganinta, kuka take yi kusa da injin fotokwafinsa. Wannan ba sabon abu ba ne. Shagonsa yana kallon ofishin biza, titi ɗaya ne tsakani, kuma shekara shida ke nan mutane suna shiga can da fayil a hammata, su fito su yi kuka a nan. Har kujera ya ware musu, ta roba, a gindin fanka.

Sai dai ita wannan tana kuka tana duba tafin hannunta, kamar an yi mata sata a ciki.

"Ƙanwata, hoton ne suka ce bai yi ba? Minti biyar ne in sake miki."

"Yatsuna ne," ta ce. "Wai ba ni da su."

Ya ƙirga daga inda yake tsaye. Goma ne cif.

Da kukan ya lafa ta yi bayani. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin digiri na biyu a fannin tace ruwan sha, har da tallafi. Takardun neman izinin karatu duk sun cika, saura ɗaukar zanen yatsa. Sau bakwai tana ɗora hannu a kan gilashin, sau bakwai na'ura tana kawo ja. An ba ta wata ranar, nan da kwana ashirin da ɗaya. In ta sake ƙi, sai layin wata uku, gurbin kuwa ƙarshen watan gobe zai mutu. Jami'ar ta taɓa ɗaga mata sau ɗaya, ta kuma rubuto cikin ladabi cewa babu na biyu.

"Mu ga hannun."

Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali.

"Wanki kike yi?"

"Shagon babanmu. Ni ce ta fararen kaya, shekara tara. Bilic safe da yamma."

"Wato za ki je koyon gyaran ruwa, ashe ruwa ya riga ya gyara ki."

Ta harare shi da jajayen idanu, dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Daga ranar ya sa mata Injiniya, daga ranar kuma ya daina cin abinci da daɗi.

Maganin ya san shi, don ya gani a hannun magina da masu wanki: mako uku ba ruwa ba sabulu, ban da alwala, a riƙa shafa mai, a sa safar hannu ta auduga. Zanen zai dawo da kansa.

Mahaifinta ya saurari wannan da dutsen guga a hannu.

"Mai wanki ba ruwa. Wane malamin ne ya ba da fatawar?"

"Wani mai hoto ne, Baba."

"To. Mai hoto."

Ba mugunta ba ce. Otal biyu ke kawo masa zannuwan gado kullum, Umma bayanta ya hana ta duƙawa, injin wankinsa guda kuwa sai ranar da ya ga dama yake tashi. Injiniya ta gwada safar roba, zufa ta jiƙa yatsun suka fara saɓa, bilic kuma yana bi ta wuyan hannu. Kwana biyar suka tafi a banza.

Nan ne ɗan kawunta ya shigo. Ejan ake ce masa, wai dillalin biza ne. Yana da mota, da katin kasuwanci mai hoton jirgin sama, bai kuma taɓa wuce ƙofar filin jirgi ba. Shekara biyu yana zarya a gidan, Baba na yaba hankalinsa. Ya ce shi yana da likitan da zai rubuta cewa haka aka haife ta, babu zanen yatsa. Gobe-gobe takarda za ta fito, da hatimi.

Ta gaya wa Maihoto ta saƙon waya. Ya mayar mata:

"Injiniya, kada ki karɓa. In suka gano takardar ƙarya ce, shekaru za su rufe miki ƙofa. Mutum uku na gani a kan kujerar robar nan saboda irinta."

Amsa ta zo nan take:

"Saura kwana goma sha shida, kuma yau ma zane arba'in na wanke. Ni me zan yi? In yanke hannun in ajiye a firiji? Kai dama ba ka so in tafi."

Ya rubuta "Haba dai," ya goge. Ya rubuta wata ƙaryar mai tsawo, ita ma ya goge. Kwastoma na jiran fotokwafi yana buga ƙafa. Daga ƙarshe ya tura:

"Gaskiya ne, ba na so. Tun ranar da kika zauna a gindin fanka ba na so. Amma ki cire hannunki daga ruwan nan, don Allah."

Ta karanta. 

Da safe ya rufe shago, ya liƙa takarda cewa sai azahar, ya nufi wajen wanki. Ya tarar da motar Ejan a ƙofa, da takardar likitan cikin ambulan a kan teburin guga.

"Samari, kaya ka kawo?" in ji Baba.

"Aiki na zo nema, Baba. Fararen kaya."

"Ba na biya."

"Ban tambaya ba."

Ejan ya yi dariya yana kaɗa makullin mota. "Kawu, na gaya maka irinsu. Biza yake bi, ba yarinya ba."

"Baba," in ji Maihoto, "shekara shida ina kallon ƙofar ofishin nan. Da biza nake so, wallahi na san hanyoyin da ba su kai wannan kumfa ba."

Baba ya tura masa baho da ƙafa, ya zaɓo masa tawul ɗin kicin na otal, waɗanda ko shi sai ya yi bismilla sau biyu kafin ya taɓa. Injiniya ta daɗe tana kallon ambulan. Sannan ta ɗauke shi da yatsu biyu ta miƙa wa ɗan kawunta.

"Yaya, ka gode wa likitan."

Haka aka yi kwana goma sha biyar. Ita tana zaune a kan kifaffen bokiti, hannaye cikin farar safa kamar mai ba da hannu a titi, shi yana duƙe yana dirzar dattin baƙin da bai taɓa gani ba. Shagonsa rabin yini yake buɗewa, maƙwabcinsa mai hoto, da ke kwashe kwastomomin, ya fara gaishe shi da fara'a.

"Ba haka ake murzawa ba, Maihotona. Za ka yaga musu zane."

"Me kika ce?"

"Na ce za ka yaga zane."

"Kafin nan."

"Kumfa ta shiga maka kunne."

Kullum kafin ya tafi sai ta cire safar ya duba yatsun da gilashin da yake duba hoto. Rana ta tara wasu 'yan layuka suka ɓullo. Ya yi murna har ya manta dutsen guga a wuta, a hanya kuma ya tuna abin da yake wa murna: kowane layi ya fito, tafiyarta ce ta matso.

Ranar komawa ya tsaya a ƙofar shagonsa yana kallon tsallaken titi. Awa biyu. Ya yi wa wani fotokwafin fasfo a juye har sau uku. Can wayarsa ta yi ƙara.

"Tara kore. Ƙaramin yatsan hagu ya yi gardama sau biyu, na uku ya miƙa wuya. Ka fito da kujerar robar, kuka zan yi."

Bayan mako uku izinin ya fito. Shi ya buga mata takardar a shagonsa, ya sa mata leda, da hannun da ke zafi in ya taɓa takarda.

Da yamma Baba ya aika a kira shi.

"Mu ga hannun."

Baba ya juya tafin, ya shafa kan yatsun da babban yatsansa. Sumul.

"Wanda ke neman biza ba ya lalata abin da zai nema da shi," in ji Baba. "Wannan wautar ta gaskiya ce. Ka turo manyanka."

Saura kwana tara jirginta ya tashi aka ɗaura. Ejan ya halarta, ya raba katinsa ga duk wanda ya miƙo hannu.

Bayan wata huɗu Maihoto ya tsallaka titin nan da fayil a hammata, karo na farko a rayuwarsa, neman izinin bin matarsa. Wankin bai daina ba, don suruki ba ya ajiye soso ranar da ya sami mata. Ya ɗora hannu a kan gilashi. Ja. Ya sake. Ja.

Ya dawo ya zauna a kan kujerar robarsa ya rubuta mata. Amsa ta zo daga inda ake sanyi:

"Mijina, wani mai hoto ya taɓa ba ni magani. Mako uku ba ruwa ba sabulu, ban da alwala. Safar tana aljihun jakata da na bari. Ina ƙirga kwanakin, kada ka ƙara mini ko ɗaya."

Da safe Baba ya kifa bokiti a inuwa, ya naɗe hannun riga.

"Zauna nan, ango. Miƙo sosan." Ya duƙa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. "Allah ya yi muku albarka, ya haɗa ku da wuri, ya ba ku 'ya'ya masu zanen yatsa. Ni kuma ya ba ni injin da ke tashi."

"Amin, Baba," in ji Maihoto, yana zura farar safa.